Sa Hannu a Hoton Sadaka: Riya ce ko Amana?

Akwai wata muhawara da ta daɗe tana kai-komo tsakanin masu ɗaukar hoto, musamman irinmu da ba mu riƙi abin sana'a ba, sha'awa ce kawai ta ja mu. Muhawarar kuwa ita ce, idan mutum ya wanke hotunan da ya ɗauka ya bayar da su kyauta domin a sayar a zuba kuɗin a wani asusun taimako, shin ya dace ya rattaba hannu a kansu, ko kuwa ya miƙa su haka nan ba suna ba alama? Mai karatu zai iya cewa wannan ai bai kai abin ɓata tawada ba. To amma duk wanda ya taɓa zama a kwamitin tara gudummawa ya san cewa irin waɗannan ƙananan maganganu su ne ke cinye lokacin taro, domin kuwa a ƙarƙashinsu akwai batun addini, akwai na girman kai, akwai kuma na haƙƙi. Ni dai ra'ayina shi ne a sa suna, cikakke, a bayan hoto, tare da wurin da aka ɗauke shi da shekarar da aka ɗauka.

A sashenmu abin da ya tayar da zancen shi ne kuɗin rajista. Tun daga shekarar 2023 da jami'o'in gwamnati da dama suka yi ƙarin kuɗi, da wuya zango ya wuce ba a samu ɗalibi ko ɗaliba da karatunsu ke neman tsayawa ba. Sai ƙungiyarmu ta ɗalibai ta yanke shawarar buɗe ɗan asusu, kowa ya kawo abin da ya iya a sayar ranar bikin al'adu. Masu ɗinkin hula suka kawo huluna, 'yan mata suka yi alkaki da dubulan, mu kuma 'yan kyamara aka ce mu wanke hotuna. Na zaɓi guda goma daga cikin waɗanda na ɗauka a unguwar Sabo da kasuwar Bodija a nan Ibadan: mai tsire yana jera tsinke da magariba, 'yan dako suna sauke buhunan wake daga babbar mota, wani wanzami da zabirarsa, da wata dattijuwa mai fura da nono. Da na ce a wurin taro zan sa hannu a kansu, mutum biyu suka taso mini. Na farko wani ɗan ajinmu ne da muke kira ustaz, shi ma ɗan kyamara ne, ya ce, “Ɗan'uwa, sadaka za ka yi ko talla?” Ta biyu kuwa wata 'yar ajinmu ce Bayarabiya, wadda Hausarta ta fi ta wasunmu kaifi, ta ce, “Kai wane ne da sa hannunka zai ƙara wa hoto ko kwabo?”

Bari in fara da tata, domin ta fi saurin amsuwa. Ta fuskar kuɗi tana da gaskiya. A kasuwar hotuna ta duniya suna shi ne farashi. Alal misali, Magnum, ƙungiyar nan ta ƙwararrun masu ɗaukar hoto da aka kafa a 1947, ta yi shekaru tana sayar da wasu ƙananan hotuna a kan dala 100 kowanne, kuma abin da ke jan masu saye shi ne kowane hoto yana ɗauke da sa hannun mai shi, ko hatimin magadansa idan ya rasu. Takardar da tawadar ba su kai wannan kuɗi ba, sunan ake saye. Nawa sunan kuwa, in ban da mahaifiyata ban san wanda zai ƙara naira ɗaya saboda shi ba. Don haka ɗan koyon da ya ɗauki alƙalami mai ruwan zinariya ya zabga sa hannu a fuskar hoto, kamar wani shahararren mai zane, ya ɓata hoton kuma ya jawo wa kansa dariya. Wannan ɗabi'a ma ta zama ruwan dare a hotunan biki, inda za ka ga tambarin mai hoto da lambar wayarsa sun ratsa ta kan lallen amarya, har ka rasa ko bikin wa ake yi. Haka nan masu rubuta 1/10 a ƙasan hoto don su burge, ba tare da sanin cewa wannan lamba alkawari ce ba. Ma'anarta ita ce guda goma kacal za a wanke, har abada. Wanda ya rubuta haka, gobe kuma ya sake wanke guda ashirin don wani biki, ya yaudari wanda ya saya, ko da kuwa kuɗin asusun marayu suka shiga.

Sai dai suna a jikin hoto yana da wani aiki wanda bai shafi farashi ba, kuma tarihin ɗaukar hoto a Afirka ta Yamma cike yake da shaidar haka.

Mu ɗauki Jonathan Adagogo Green, wanda aka haifa a Bonny a 1873, ya rasu a 1905 yana ɗan shekara 32. Shi ne ya ɗauki sanannen hoton nan na Oba Ovonramwen na Binin a 1897, a cikin jirgin ruwan Turawa, lokacin da ake tafiya da shi Kalaba bayan an ci birninsa da yaƙi. Hotunan Green sun yi yawo a jaridu da littattafan Ingila da katunan da ake aikawa ta gidan waya, sau da yawa ba tare da an ambaci wanda ya ɗauka ba. Waɗanda ke ɗauke da hatiminsa kuwa, abin da ke jiki shi ne J. A. Green. Ganin wannan suna sai mutane da yawa suka ɗauka wani Bature ne, alhali ɗan ƙasa ne, mutumin bakin teku. Wannan ɗan hatimi shi ne igiyar da masu bincike suka riƙa bi har suka tattara aikinsa, aka fitar da littafi sukutum a kansa a 2017, wanda Martha Anderson da Lisa Aronson suka tace. Da bai buga hatimin ba da aikin ya narke cikin tarin hotunan 'yan mulkin mallaka. Da kuma Adagogo ya fito a jikin hatimin, da ba a yi shekaru ana raba wa Turawa abin da ba nasu ba. Shi ya sa na ce a rubuta suna cikakke, ban da harufan farko kawai ko wani lauje da babu mai iya karantawa.

Labarin Seydou Keïta na ƙasar Mali ya fi wannan ban mamaki. Ya buɗe shagon hoto a Bamako a 1948, ya yi shekara goma sha wani abu yana ɗaukar mutanen birnin cikin adonsu, mata da ɗaurin kallabi, samari da keke ko rediyo. A 1991 aka baje wasu daga cikin hotunan a wani babban nunin fasahar Afirka a birnin Niyok, aka rubuta a ƙarƙashinsu cewa ba a san mai ɗaukar ba, an dai san daga Bamako suka fito. Mutumin kuwa yana nan da ransa a gidansa, da dubban fina-finan hotunansa a ajiye. Sai da wani Bafaranshe mai suna André Magnin ya tafi Bamako da kwafin hotunan yana tambaya, ya dace da Malick Sidibé, wani mai hoton, wanda yana gani ya gane aikin Keïta ne. Zuwa 1994 an shirya wa Keïta nuni nasa na kansa a Faris, kuma kafin rasuwarsa a 2001 sunansa ya zagaya duniya. Abin lura a nan shi ne sa'a ce kawai ta mayar masa da aikinsa. Da Sidibé ba ya nan, ko da Magnin ya gaji ya koma gida, da har yau hotunan marayu ne.

Wani zai ce ai waɗannan ƙwararru ne, da sana'ar suke ci, mu kuwa wasa muke yi. To amma wa ya san inda wasa zai kai shi? J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda hotunansa na kitson matan Nijeriya, kusan guda dubu, suka shiga manyan gidajen tarihi na duniya, da 'yar ƙaramar kyamara samfurin Brownie ya fara a 1950, kafin ya samu aiki a ɗakin wanke hoto na Ma'aikatar Watsa Labarai a nan Ibadan a 1954. Ita kuwa Vivian Maier rainon 'ya'yan mutane ta yi a Shikago kusan shekara 40, tana ɗaukar hoto a titi ba tare da ta nuna wa kowa ba. A 2007 aka yi gwanjon kayanta saboda ta kasa biyan kuɗin ɗakin ajiya, aka tarar da hotuna sama da 100,000. Ɗaya daga cikin waɗanda suka saya ya tsinci sunanta ne a jikin wata ambulan, da ya bincika a intanet a 2009 sai ya ci karo da sanarwar rasuwarta.

Kada mai karatu ya ɗauka ina hasashen zan zama Keïta ne. Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ba ta buƙatar in shahara. Hoto shaida ne, shaida kuwa ba ta cika sai an san wanda ya bayar da ita, da wuri, da lokaci. Hoton 'yan dakon nan na Bodija yau ba wani abu ba ne, kowa na ganin irinsu kullum. Amma bayan shekara hamsin, lokacin da wataƙila an sāke fasalin kasuwar, an daina ɗaukar buhu a ka, jikan wanda ya saya zai ciro shi daga bango ya juya bayansa. Idan ya tarar da fari fat, abin da ke hannunsa wasu mutane ne da buhuna a wani wuri. Idan kuwa ya ga sunan kasuwa da shekara da sunan mai ɗauka, to yana riƙe da ɗan yanki na tarihin Hausawan Ibadan. A tuna fa, hoton da ke cikin waya ko kyamara yana ɗauke da bayanansa a ɓoye, ranar da aka ɗauka da irin na'urar, wani lokaci har da wurin. Da zarar an wanke shi a takarda duk wannan ya tafi, sai abin da hannu ya rubuta.

Mu ɗaliban harshe ya kamata mu fi kowa gane wannan. Wane malami ne zai karɓi kundin bincike da aka kawo tatsuniya ko karin magana a ciki ba tare da sunan wanda aka yi hira da shi ba, da shekarunsa da garinsu da ranar hirar? Littafin Magana Hausa da J. F. Schön ya fitar a 1885 yana da daraja ta musamman a wurin masu nazarin tarihin harshe, domin an san cewa kaso mai yawa na abin da ke ciki daga bakin Dorugu ya fito, yaron da Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila a 1855, kuma an san ɗan yankin Damagaram ne. Saboda haka mai nazari zai iya cewa ga irin Hausar da ake yi a wuri kaza a lokaci kaza. A gefe guda kuma akwai tarin tatsuniyoyi da aka rubuta a zamanin Turawa waɗanda ba mu san bakin da suka fito ba, ko mace ce ko namiji, Bakatsine ne ko Basakkwace. Muna karanta su muna jin daɗi, amma akwai tambayoyin da ba za su taɓa amsa mana ba.

Maganar ustaz ita ce mai nauyi, kuma ban ɗauke ta da wasa ba. Alƙur'ani a cikin Suratul Baƙara ya halatta bayyana sadaka amma ya fifita ɓoye ta, su ma 'yan'uwanmu Kirista an hore su da yin taimako a asirce. Duk wanda ya taɓa halartar bikin ƙaddamar da littafi ko gidauniya a ƙasar nan ya san dalilin da ya sa mai tsoron Allah ke ƙyamar suna a wurin bayarwa. Mai gabatarwa yana riƙe da lasifika yana kururuwa cewa Alhaji wane ya sayi kwafi ɗaya a kan miliyan kaza, ana tafi, maroƙa na zuga, bayan taro kuma 'yan kwamiti su yi wata shida suna sintiri a ƙofar ofishinsa. Idan sa hannu a hoto ɗan'uwan wannan ne, to ni ma ba na so.

Amma mu tambayi kanmu, mene ne ake so a ɓoye idan an ce a ɓoye sadaka? A fahimtata abu biyu ne. Na ɗaya yawan abin da ka bayar, domin kada zuciya ta kumbura. Na biyu, wanda nake ganin mun fi sakaci da shi, shi ne mutuncin mai karɓa. A asusunmu abin da ya wajaba a rufe ruf shi ne sunan ɗalibin da za a biya wa kuɗin rajista, kada gobe a nuna shi da baki a aji. Sunana a bayan hoton mai tsire bai faɗi nawa na kashe wajen wanki ba, bai kuma tona asirin kowa ba. Iyakar abin da ya ce shi ne wane ya tsaya a wuri kaza ya ga wannan. Hasali ma kuɗin da ke shiga asusu daga aljihun mai saye suke fitowa, shi ne ya fi ni buƙatar ya kiyayi lasifika.

Magabatanmu ma ba su ga saɓani tsakanin ikhlasi da sa suna ba. Marubuta waƙoƙin wa'azi tun daga ƙarni na 19 sukan rufe waƙa da ambaton sunansu, wani lokaci har da na mahaifi da gari, su kawo ramzin shekara, sannan su roƙi mai karatu ya yi musu addu'a. Masu kwafar littattafai da hannu su ma sukan rubuta sunansu a shafin ƙarshe tare da neman gafara kan kuskuren alƙalami. Waɗannan mutane ba kuɗi suke nema ba, aikin lada suke yi, amma sun san cewa wanda ya faɗi magana ya kamata a san shi, domin in da gyara a san inda za a nufa. Na kuma tuna wa ustaz abin da ya fi ni sani, cewa a ilimin hadisi ruwayar da aka samu wanda ba a san ko wane ne ba a cikin jerin masu ruwaitowa, rauni take yi. Ya yi murmushi ya ce hoto ba hadisi ba ne. Haka ne. Amma dai al'adar da ta raine mu ba ta ɗauki rashin suna a matsayin tsarki a kowane hali ba. Riya kuwa a zuciya take, har da ɓoye suna ana iya yin ta, musamman idan mai ɓoyewar ya tabbatar kowa ya ji labarin cewa ya ɓoye.

Dabarar da ta raba gardamar a kwamitinmu daga Landan muka aro ta. Kwalejin fasaha ta Royal College of Art ta fara wani baje koli a 1994 mai suna RCA Secret, domin tara kuɗin tallafa wa ɗalibanta. Akan nemi mashahuran masu fasaha irin su David Hockney da Tracey Emin, da kuma ɗaliban kwalejin, kowa ya yi aiki a kan ɗan kati mai girman tafin hannu. Sai a jera katunan ba suna a fuska, a sa musu farashi ɗaya, sa hannun yana baya, mai saye ba zai gani ba sai ya biya. Mutane har kwana suka riƙa yi a layi. Wani ya tafi gida da aikin shahararre, wani da na ɗalibar shekarar farko, kuma kowa abin da idonsa ya so ya zaɓa. Haka muka yi. Muka rataye hotunan a igiya ba tare da sunan kowa ba, kuɗi ɗaya, duk bayani yana baya. Ustaz dai bai sauya ra'ayi ba. Ya rubuta wuri da shekara a bayan nasa, ya bar gurbin suna, amma ya yarda a shigar da sunansa a littafin kwamiti tare da lambar kowane hoto, yadda in an neme shi za a same shi. Ban ga laifinsa ba, ya fi ni sanin zuciyarsa.

Wannan “in an neme shi” shi ne ɓangaren da ba a cika tattaunawa ba, alhali a nan haƙƙin mutane yake. Mafi yawan hotunan da ake bayarwa don taimako hotunan mutane ne, kuma waɗanda suka fi saurin shiga su ne masu sa tausayi: almajiri da ƙoƙo, gurgu a bakin titi, tsohuwa cikin tsumma. Wani ya kawo mana irin wannan, yara uku suna wawar ragowar abinci a bayan wani gidan cin abinci, fuskokinsu tar. Hoton ya ɗauku, kuma da an rataye shi da shi za a fara saye. Da aka ce ya rubuta sunansa a baya sai ya ce a'a, shi ba ya son suna. Aka tambaye shi ko malamin yaran ko wani nasu ya san an ɗauka, ya ce daga nesa ya jawo su. To a nan ɓoye suna wa yake karewa? Yaran ga su a fili, za a rataye su a falon wani har su girma, mai ɗauka kuwa ya shige duhu. Idan wata rana uban ɗayansu ya ga hoton ya ji ciwo, ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Kwamiti bai karɓi hoton ba, kuma na goyi bayan haka. Tun daga ranar nake auna hotunana da wannan ma'auni, duk wanda na ji nauyin sa sunana a bayansa, to akwai abin da ban kammala da mutanen da ke cikinsa ba.

Ta fuskar doka ma akwai abin sani. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta amince da haƙƙin mai aiki na a danganta aikinsa gare shi, kuma sallama haƙƙin mallaka ga wani sai a rubuce. Wato wanda ya ba ƙungiya hoto guda, ko wanda ya saya, takardar ya bayar ko ya saya, ikon sāke bugawa yana hannun mai ɗauka. Wani abokina ya taɓa ba wata ƙungiyar agaji hoton wasu 'yan makaranta, bayan shekara sai ga shi a kalandar wani ɗan takara, an liƙa fuskar ɗan takarar a sama kamar shi ya gina ajin. Hoton ba suna, ba wata takarda, ƙungiyar ta ce ita ba ta ma tuna wanda ya kawo ba. Suna a baya ba zai hana ɓarawo sata ba, amma yana toshe bakin mai cewa bai san mai shi ba. Ga kuma sabuwar fitina ta hotunan da kwamfuta ke ƙagowa. A 2023 wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya ci wani rukuni na gasar hotuna ta duniya ta Sony, sannan ya ƙi karɓar kyautar, ya bayyana cewa ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa hoton, babu kyamarar da ta ɗauke shi. A irin wannan zamani, wanda ya ciro kuɗinsa don taimako ya cancanci a ce masa ga mutumin da ya tsaya a gaban abin nan da ƙafafunsa.

Yadda ake rubutun kuwa, wani dattijo mai shagon hoto a kusa da Sabo ne ya koya mini, mutumin da ya fara aiki tun ana shiga ɗaki mai duhu da ruwan magani. Ya gan ni da biro a hannu sai ya riƙe mini wuyan hannu. Na ce, “Baba, lafiya?” Ya ce, “Yaro, biro maƙiyin hoto ne. Ka danna, shatin ya fito a fuska. Ka bari, tawadar ta ratso bayan shekaru, ko ta shafi na ƙasansa in ka jera su.” Ya ce in nemi fensir mai taushi, in ɗora hoton a kan gilashi ko tebur mai santsi, in rubuta a gefen ƙasa ba tare da dannawa ba. Takardar zamani mai sulɓi wadda bayanta ba ya kama fensir kuwa, sai a nemi alƙalami mai tawadar da ba ta ratsawa, a bar ta ta bushe sarai kafin a haɗa da wani. In za a sa hoton a firam, a maimaita bayanin a allon baya, domin ba kowa zai kwance ƙusa don ya karanta ba. Ya ciro tsohon hatiminsa na roba ya nuna mini, har yanzu da lambar wayar tebur ta zamanin NITEL a jiki. Ya ce lambar ta mutu tuntuni, amma har bara wata mata ta zo da hoton auren iyayenta tana neman a sāke wanke mata, sunan shagon da ke baya ne ya kawo ta.

Da Hausa na rubuta nawa bayanin, da ƙugiyoyin ƙ da ɗ da ɓ a inda suka dace, tunda fensir ba ya wahalar da mutum kamar madannin waya. 'Yar ajinmu da ta ce ni wane ne ita ta ƙara layi ɗaya da Yarabanci a ƙarƙashin kowanne, domin yawancin masu sayen Yarabawa ne, malamai da ma'aikatan tsangaya. Hoton mai fura ne kaɗai ya tsaya mini, saboda ina son in sa sunanta kusa da nawa. Na koma inda take zama na nuna mata, na ce, “Inna, ga hoton nan da kika ba ni izini, za a sayar a taimaki 'yan makaranta. In rubuta sunanki a baya?” Ta karɓa ta daɗe tana dubawa, ta gyara ɗaurin kallabinta kamar yanzu za a ɗauka. Ta ce a sayar, Allah ya sa albarka, amma sunanta kada ya shiga gidan da ba ta sani ba, in rubuta mai fura ta Sabo ya isa. Sannan ta ce in sa nawa da kyau yadda jikanta zai iya karantawa, kuma in kawo mata guda ɗaya babba kafin Sallah, za ta aika gida.